Ina son kai iyayena Istanbul da kaka, amma an ce min garin duk hawa ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin kai mahaifina da mahaifiyata Istanbul a watan Oktoba ko Nuwamba, mu yi kamar mako ɗaya. Baba ya haura shekara 70, yana fama da gwiwa, da sanda yake tafiya. Hajiya kuma tana da ciwon suga da hawan jini. Babban burinsu su ziyarci kabarin Sayyidina Abu Ayyub al-Ansari, su yi sallah a manyan masallatan garin. Sai aka ce min garin duk tudu ne da gangara da matakala. Zai yiwu kuwa, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki masu yi miki. Kada ki haƙura. Wanda ya ce miki Istanbul garin tudu ne bai yi ƙarya ba, tsohon birnin a kan tuddai bakwai aka gina shi, kuma lungunansa daɓen duwatsu ne. Amma kusan duk abin da su Baba suke son gani, ko dai yana shimfiɗaɗɗen wuri, ko kuma jirgin taram (ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin titunan gari), ko jirgin ruwa, ko tasi zai ajiye su kusa da shi. Shirya wa dattijai tafiya sana'ata ce, kuma abin da na fi ganin yana kwantar da su shi ne jadawalin da ɗansu ko 'yarsu ta tsara, wanda aka cusa wurare huɗu a rana ɗaya don kada kuɗin tikiti ya tafi a banza. Ki tsara wuri ɗaya tak a kowace rana. A fita bayan hantsi, a yi azahar a can, a ci abinci, a dawo masauki a kishingiɗa. In da sauran ƙarfi bayan la'asar, a ɗan zaga kusa da otal. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsakanin watannin biyu, ki ɗauki Oktoba, musamman makonni ukun farko. Da rana zafin yakan tsaya wajen digiri 20, da dare ya sauko wajen 13 ko 14. Zafin Yuli da Agusta mai sa gumi ya wuce, cunkoson baƙi ma ya ɗan ragu. A Nuwamba rana takan tsaya wajen digiri 15, ruwan sama ya ƙaru, gari ya riƙa wuni a lumshe. Sanyin can ba irin na hunturunmu ba ne mai busar da leɓe, sanyi ne mai danshi da iskar teku, yana shiga gaɓoɓi, mai ciwon gwiwa kuwa shi ne farkon wanda zai ji shi. Ki kuma lura da ranar 29 ga Oktoba, ranar da aka kafa Jamhuriyar Turkiyya a 1923, hutu ne kuma gari yana cika maƙil. A farkon Nuwamba akan yi gasar gudun fanfalaki ta Istanbul ranar Lahadi, a rufe manyan tituna har da na tsohon birni.

Maganar tufafi gajera ce. Baba ya ajiye babbar riga don Juma'a, sauran ranaku kaftani da suwaita a ciki da dogon wandon sanyi a ƙarƙashi, don babbar riga tana harɗe ƙafa a matakala kuma tana rikita hannun da ke riƙe da sanda. Hajiya ta sami rigar sanyi mai kauri da za ta shiga ƙarƙashin hijabi. Abin da ya fi komai shi ne takalmi: mai rufi, mai ƙasan roba da ke kama ƙasa, wanda ake zarewa ba tare da an sunkuya kwance igiya ba, domin kowane masallaci sai an cire. Harabar masallatan marmara ce da ƙafafun mutane suka goge shekaru ɗaruruwa, da an ɗan yi yayyafi sai ta koma santsi. Ki duba robar gindin sandar Baba tun a gida, in ta cinye a sake sabuwa.

Masauki shi ne rabin tafiyar, a nan nake son ki fi ɓata lokaci. Otal da yawa suna rubuta cewa suna unguwar Sultanahmet, minti biyar zuwa Masallacin Sultan Ahmad. Gaskiya ne a taswira. Sai dai da yawansu suna gangaren da ke bayan masallacin ta wajen teku, unguwannin Cankurtaran da Kucuk Ayasofya, inda kowace fita hawa ce, kowace dawowa gangara ce, gangara kuwa ta fi hawa wahalar da gwiwa. Ki nemi otal a Sirkeci ko kusa da tashar taram ta Gulhane, ko a kan babban titin Divan Yolu inda taram yake bi. 'Yan kasuwarmu sun saba sauka a Laleli da Aksaray saboda sarin kaya, kuma layin taram ɗin ɗaya ne, amma hayaniya da masu tura kaya a baro sun yi wa dattijo yawa. Kafin ki biya ko sisi, ki rubuta wa otal ɗin ki tambaye su abubuwan nan da bakinki: matakala nawa ce daga titi zuwa ƙofar shiga, lifta tana kaiwa har benen da ake karin kumallo ko kuwa, banɗakin shawa ce ta tsaye ko bahon da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, kuma tasi yana iya tsayawa a bakin ƙofa. Tambaya ta biyun tana da dalili. Ƙananan otal na tsohon birni sukan yi wurin cin abinci a saman rufi don a hangi teku, lifta ta tsaya a benen ƙasa da shi, ragowar a taka da ƙafa. Ki ce su turo miki hoton ƙofar shiga da na banɗaki.

Filin jirgin saman Istanbul, wanda ya fara aiki gadan-gadan a 2019, ƙato ne ƙwarai, daga inda jirgi ya tsaya zuwa wurin duba fasfo tafiya ce da ke gajiyar da matashi ma. Ki nemi kamfanin jirgin ya tanadar wa su biyun keken marasa lafiya, a rubuta a tikitinsu aƙalla awa 48 kafin tashi. Ba a biyan kuɗi, kuma mai tura keken shi zai bi da ku har wurin ɗaukar kaya. Baba zai iya cewa shi ba gurgu ba ne. Ki lallashe shi, ki ce masa ƙarfin ƙafar ake tattalawa don ziyara. Daga filin jirgin zuwa tsohon birni ya kai kilomita 40, ki sa otal ya turo mota. Ranar sauka ba a zuwa ko'ina. Agogon Turkiyya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa 2, ba wani bambanci mai yawa ba ne, amma ki tambayi likitan Hajiya yadda za a daidaita lokutan maganinta.

Ranar farko ta fita, ki kai su inda zuciyarsu take. Kada ki ajiye ziyarar Abu Ayyub sai ƙarshe, lokacin da jiki ya riga ya yi laushi. Sa'ar da kuka yi ita ce wannan ziyarar tana cikin mafiya sauƙi a garin. Daga Eminonu, unguwar bakin ruwa da ke kusa da Sirkeci, akwai taram mai lamba T5 da ke bin gaɓar ruwan Halic, ya ajiye ku a unguwar Eyupsultan, daga tasha zuwa masallacin 'yar tafiya ce a shimfiɗe. Wannan sahabi, Khalid bin Zaid, shi ne wanda taguwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shigowa Madina, ya sauke shi wajen wata bakwai. Ya halarci Badar. Da tsufansa ya bi rundunar da ta nufi Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, a zamanin Mu'awiya, rashin lafiya ta kama shi, ya yi wasiyya a kutsa da gawarsa gaba iya yadda za a iya, aka binne shi kusa da ganuwar birnin. Bayan Sultan Muhammad Fatih ya ci garin a 1453, ya gina masallaci a wurin a 1458. Girgizar ƙasa ta lalata shi, ginin da ake gani yanzu na shekarar 1800 ne. A nan aka riƙa rataya wa sababbin sarakunan Usmaniyya takobi in sun hau mulki. Ki ba su wannan labarin a cikin taram, dattijon da ya ji cewa mai kabarin ma da tsufa ya zo garin nan, tafiyar takan yi masa wani daɗi na daban.

Ku je tsakanin Litinin da Alhamis da hantsi. Juma'a da Asabar da Lahadi wurin yana cika da iyalai, har da yara maza sanye da fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu da ake kawowa kafin a yi musu kaciya. A harabar da ke tsakanin masallaci da hubbaren akwai wata tsohuwar bishiya da aka kewaye da ƙarfe, tattabaru suna ta sauka. In layin shiga ya yi tsawo, su tsaya ta tagar hubbaren da ke fuskantar haraba su yi sallama da addu'a, mutane da yawa haka suke yi. Bayan azahar, in jiki ya yarda, akwai keken da ke tafiya a jikin waya yana hawa tudun Piyer Loti cikin 'yan mintuna, a sama akwai wurin shan shayi da ake hango Halic gaba ɗaya. Da keken za ku hau, da shi za ku sauko. Hanyar ƙafa da ta ratsa maƙabarta tana da kyau, amma gangara ce ta duwatsu.

Rana ta gaba dandalin Sultanahmet. Taram mai lamba T1 shi ne ƙashin bayan tsohon birni, yana tsayawa a Eminonu, Sirkeci, Gulhane, Sultanahmet, da Beyazit, kuma ƙasansa daidai yake da dandamalin tasha, ba a ɗaga ƙafa. Da katin Istanbulkart ake shiga, shi ne kuma na jirgin ruwa. Ku guji safiya da yamma lokacin ma'aikata, ki kuma rungume jakarki a gaba in an cika. Turkawa suna girmama tsofaffi, da wuya Baba ya shiga da sanda ba a tashi an ba shi kujera ba. Dandalin da ke tsakanin Masallacin Sultan Ahmad da Aya Sofiya a shimfiɗe yake, ga bencina ko'ina, ga masu gasa masara da wani ɗan itace mai suna kestane da ke shigowa da kaka. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida an fara gina shi a 1609, an sake buɗe shi a 2023 bayan doguwar gyara, ba a biyan kuɗin shiga. Akwai 'yan matakala a ƙofofinsa, ki tambayi ma'aikatan ƙofar da ta fi sauƙi ga mai sanda.

Aya Sofiya sai an yi hattara. An gama ginin a shekarar 537 a matsayin coci, ya zama masallaci a 1453, ya koma gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, aka dawo da sallah a cikinsa a watan Yulin 2020. Tun Janairun 2024 aka raba hanya: ɗan yawon buɗe ido na waje yana sayen tikiti, da Yuro 25 aka fara, a hau da shi benen sama. Wannan hawan ba na Baba ba ne. Ku ku zo a matsayin masallata, da alwalarku, kamar rabin awa kafin azahar ko la'asar, ku shiga ta ƙofar masu sallah zuwa ƙasa. Daga sahu za su ɗaga kai su ga ƙubbar da manyan allunan da aka rubuta sunan Allah da na Manzo da na halifofi huɗu da Hasan da Husaini. Ana aikin gyara a ginin, kada ganin ƙarafa ya ba ku mamaki. Ki taho wa Baba da 'yar kujerar nan mai naɗewa, domin ba kowane masallaci za a sami kujerar mai sallah a zaune ba, kuma za ta yi masa amfani a duk layin da kuka tsaya.

Fadar Topkapi ita ce ranar da ta fi nauyi, kuma ita kaɗai nake cewa a nemi aron keken marasa lafiya tun daga otal ko da Baba ya ƙi. A can ne aka adana kayan da ake jinginawa ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da sahabbansa, irin su alkyabba da takubba, waɗanda Sultan Salim na Ɗaya ya fara tarowa bayan ya ci Masar a 1517. Ana karatun Alƙur'ani a ɗakin ba dare ba rana. Matsalar ita ce ɗakin yana farfajiya ta uku, sai an ratsa manyan farfajiyoyi biyu kafin a kai. Ku shiga ta babbar ƙofar da ke bayan Aya Sofiya, kada ku bi ta wajen Gulhane, can hawa ne. Ku isa da an buɗe da ƙarfe 9, ku miƙe kai tsaye ɗakin kayan amanar kafin ayarin baƙi su kafa layi, ku fito ku zauna a inuwa. Sashen matan sarki ku bar shi, lunguna ne ƙuntatattu masu daɓe mara daidai. Fadar ba ta buɗewa ranar Talata. Wani abu kuma da ke ɓatar da baƙi: akwai tashar taram mai suna Topkapi, amma unguwa ce can wajen ganuwa, ba ruwanta da fadar. Ta fada ita ce tashar Sultanahmet.

Washegarin Topkapi ranar zama ce, kuma ita ce na fi so. Kamfanin jiragen ruwa na birnin, Sehir Hatlari, yana da gajeren zagaye a mashigin Bosforus daga Eminonu, kamar awa 2 zuwa da dawowa. Ki je tagar sayar da tikitinsu, kada ki saurari masu tare mutane a bakin ruwa suna tallar nasu jiragen. Ku bari turmutsutsun shiga ya lafa, ki riƙe hannun Hajiya a kan gadar shiga, ku zauna a ƙasa daga ciki kusa da taga, domin iskar waje tana da sanyi ko da rana ta fito. Mai shayi zai zagayo da faranti cike da ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, sukari a gefe, wanda ya yi wa Hajiya daidai. Daga kujera za su ga fadar Dolmabahce, da masallacin Ortakoy a bakin ruwa, su bi ta ƙarƙashin gadar da ta haɗa Turai da Asiya tun 1973, su ga ganuwar Rumeli Hisari da Fatih ya gina a 1452 yana shirin cin birnin. In awa biyu ta yi yawa, jirgin fito zuwa Uskudar bai wuce minti 20 ba, ku yi sallah a nahiyar Asiya ku dawo.

Masallacin Sulaimaniyya, wanda shahararren magini Mimar Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557, a ganina ya fi duka natsuwa, kuma lambun bayansa yana kallon ruwa. A ƙolin tudu yake, don haka tasi zai kai ku ya dawo da ku, ki kira shi ta manhajar BiTaksi ko Uber don kauce wa musun kuɗi. Tsaraba kuma, Hajiya za ta ji labarin babbar kasuwa mai rufi, Kapali Carsi, mai shaguna wajen 4,000. Ta yi mata girma, ba wurin zama, kuma ba ta ci ranar Lahadi. Ki kai ta kasuwar kayan ƙamshi ta Misir Carsisi da ke Eminonu, ƙarama ce, a shimfiɗe, dab da tashar taram. Hasumiyar Galata, da rijiyar ƙarƙashin ƙasa ta Yerebatan mai matakala da duhu da danshi, da tsibiran da ake wuni ana zuwa, duk ki cire su daga lissafi. Lambun Gulhane ya isa yawon yamma, doguwar hanya ce ƙarƙashin manyan itatuwa da ganyensu ke komawa ruwan ɗorawa a wannan lokaci, ga wurin zama kowane 'yan taku.

Akwai abin da nake roƙonki ki sa wa ido fiye da taswira. Iyayenmu suna da kawaici, ba za su ce miki sun gaji ba, balle sun san kuɗin da kika kashe. In kika tambaya, amsar ita ce "ba komai, mu je." Ki kalli jikinsu. In Baba ya fara sauya sanda daga hannu zuwa hannu, ko ya tsaya yana kallon shagon da ba abin da zai saya a ciki, ko hira ta ɗauke, ya gaji. In Hajiya ta fara gumi a cikin sanyi, ko hannunta yana rawa, ko tana amsa magana a hankali, ki zaunar da ita nan take ki auna suganta, domin tafiyar da ta fi ta kullum tana saukar da suga ga mai shan magani. Dabino ko alewa kada su bar jakarki. Kuma kada ki tambaye su ko za a huta, ki ce ke ce kike son shan shayi.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Ki nemi ƙananan gidajen abincin da ake jera tukwane a bayan gilashi kina nunawa da yatsa: miyar adas (wani ƙaramin wake) mai ɗumi, shinkafa, wake da miya, kaza, dafaffen ganye. Abin kiyayewa ga Hajiya shi ne gishirin da ke cikin zaitun da cukun karin kumallo da ayran, wato kindirmon da suke damawa da ruwa da gishiri, sai kuma baklawa da lokum waɗanda kusan sukari ne zalla. Kowane babban masallaci yana da banɗaki, amma da yawa na tsuguno ne, ki leƙa ki nemo na zama ko na masu lalura kafin Baba ya shiga. Ruwan famfunan alwala na waje yana da sanyi sosai da kaka, gara su fito da alwala daga otal. Maganar haɗa salloli ko shafa a kan huffi, su tambayi malaminsu kafin tafiya. A ƙarshen Oktoba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7 da rabi, ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 6, don haka asuba ba ta hana barci, amma yamma gajera ce.

Magunguna su kasance a jakar hannu cikin kwalayensu na asali, da ƙarin na 'yan kwanaki, tare da takardar likita da Turanci, musamman in cikin na gwiwar Baba akwai masu ƙarfi irin su tramadol ko kodin, waɗanda ake sa wa ido a iyakoki. Ki yi musu inshorar lafiya ta tafiya, ki faɗi cututtukansu a takardar, ki tabbatar ta amince da shekarunsu. Kantin magani a can Eczane ake rubutawa, da jan harafin E, kuma kowace unguwa tana da wanda ke kwana a buɗe bisa karɓa-karɓa. Lambar gaggawa 112 ce. Ki sa wa kowannensu katin otal da lambar wayarki a aljihu, ki kuma bar rana ɗaya a cikin makon ba tare da kin tsara mata komai ba, don in ruwa ya tsare ku ko jiki ya ƙi, a mayar da ziyarar ranar can.